Wasiƙa Zuwa Ga Masassaƙan Ƙotar Bindiga Na Azare Da Katagum

Iyayena da yayyena masu gizago,

Kaka ta wuce, yanzu mafarauta daga Gamawa, Shira da Zaki za su fara kawo muku bindigogin toka masu tsagaggiyar ƙota. Don Allah kada ku sassaƙa ɗanyen itace, ko da mai bindiga ya tsaya muku a ka. Itacen da aka sara da damina, hunturu na bugunsa sai ya motse, ƙarfen ya fara rawa a kwarinsa, mai shi ya naɗe da waya da roba wai ya gyara. Ranar da ya cika wa bindigar albarushi, wuyan ƙotar ne zai karye, kuma kuncinsa na manne da wurin. Ku bar gungume ya shekara a inuwa, a bisa duwatsu saboda gara.

Ni dai kanya nake zaɓa: tana da ƙarfi, gara ba ta cika damunta ba, kuma tana yin santsi in ta sha man kaɗe. Maɗaci ma ba laifi. Ƙirya kuwa ku bar wa turmi da gawayin maƙera. Wanda zai yini yana ratsa fadamar kogin Jama'are ba zai gode muku da nauyinta ba. Madobiya ta fi su kyau, amma masu kai ta Sin sun yi mata ƙaƙaf, har aka sa wa cinikinta tsakanin ƙasashe takunkumi a 2017.

Kafin gizago ya taɓa itace, ku duba jijiyarsa. Ta bi tsawon wuya har gindi, kada ta gitta, kada kuma ƙulli ya faɗo kusa da kunama. Sannan ku sa mai bindigar ya kafa tsohuwar ƙotar a kafaɗa, ido rufe, ya buɗe. In sai ya miƙa wuya kafin ya ga saiti, ku gyara awon, kada ku kwafi tsohon. Ƙotar 'yan bindigar Sarki a hawan sallah ta sha ƙusoshin ado, tunda sama suke harbi. A ta maharbi kowace ƙusa mafarin tsagewa ce.

Dokar makamai ta 1959 ta sa gyaran bindiga ƙarƙashin izinin 'yan sanda. Baƙon da babu wanda ya tsaya masa, ko Sarkin Baka ko mai unguwa, ku mayar masa da kayansa.

Wassalam,
Ɗanku, mai sha'awar sana'arku