Taura Biyu Ba Ta Taunuwa: Wane Gilashi Ya Dace Da Kyamarar Ɗalibi?

Gabatarwa

Duk wanda ya lura da harabar jami'a a 'yan shekarun nan zai ga ɗalibai da dama sun rataya kyamara a wuya. Wasu sun saya ne saboda aikin kundin digiri, wasu don su samu na sabulu ta hanyar ɗaukar hoton biki da suna, wasu kuma sha'awa ce kawai ta ja su. Yawancin kyamarorin nan na hannu ne, kuma irin na masu koyo, kamar Canon 600D da 2000D da 4000D, ko Nikon D3200 da D3500 da D5300. Kusan kowace takan zo da ɗan gilashi mai lamba 18-55mm a bakinta. Bayan wata biyu ko uku sai mai ita ya ga ba ta zuƙo masa abin da ke nesa, sai ya shiga tara kuɗin sabon gilashi. To, a daidai wannan gaɓa ce ɗalibai suka fi yin asara.

Ni ɗalibin Hausa ne mazaunin Manawashi a cikin garin Gombe, kuma ina ɗan taɓa sana'ar hoto a ƙarshen mako. Ra'ayina a taƙaice shi ne: ɗalibin da kuɗin gilashi ɗaya kawai zai iya tarawa, ya sayi mai zuƙowa wanda ya fara daga 18mm ya ƙare a wajejen 135mm ko 140mm, ya ɗaura shi a kyamararsa, ya bar shi a nan. Ga dalilaina.

Me lambobin nan suke nufi?

Kafin mu yi nisa, ya kamata mai karatu ya san abin da aka rubuta a jikin gilashi. Lambar farko, wato mai milimita, ita ce ke nuna faɗin abin da kyamara za ta gani. Idan lambar ƙarama ce, kamar 18, hoto zai ɗebo wuri mai faɗi. Idan babba ce, kamar 140 ko 300, zai ɗebo wuri kaɗan, amma ya jawo shi kusa. Gilashi mai zuƙowa shi ne wanda ake murza shi ya tashi daga wannan lamba zuwa waccan. Ba sabon abu ba ne, domin tun a 1959 kamfanin Voigtländer na Jamus ya fitar da Zoomar mai lamba 36-82mm, wanda shi ne na farko irinsa ga kyamarar hoto mai fim ɗin 35mm.

Akwai kuma wani abu da masu sayarwa ba su cika bayyanawa ba. Ɗan farantin da hoto ke sauka a kansa a cikin kyamarar masu koyo, wanda ake kira sansa, bai kai girman na manyan kyamarori ba. Saboda haka kowane gilashi yakan yi kamar an ƙara masa tsawo, sau 1.6 a Canon, sau 1.5 a Nikon. Ke nan 18mm a Nikon daidai yake da 27mm a babbar kyamara, 140mm kuma daidai da 210mm. Wannan nisa ba kaɗan ba ne.

Lamba ta biyu, mai harafin f, girman ƙofar da haske ke shiga take nunawa. A nan lissafin a juye yake: ƙaramar lamba, babbar ƙofa. Idan aka rubuta f/3.5-5.6, ma'anarsa ƙofar tana ƙara tsukewa yayin da ake zuƙowa.

Ruɗin dogon gilashi

Abin da ya fi jan hankalinmu matasa shi ne dogon gilashi, musamman 75-300mm na Canon ko 70-300mm na Nikon. Yana da araha idan aka kwatanta da wasu, kuma wanda ya rataya shi sai a ɗauka wani babban ɗan jarida ne. Amma masu iya magana sun ce araha ba ta ado. Mu yi ɗan lissafi. A 75mm, kyamarar masu koyo takan ga faɗin da bai wuce kashi 3 cikin 10 na nisan da ke tsakaninta da abin ɗauka ba. Idan ana so a ɗauki mutum biyar ko shida a jere, wato faɗin kamar mita 3, sai mai hoto ya ja da baya kusan mita 10. Ina za a samu mita 10 a ɗakin amarya? Yawancin ɗakunanmu a Manawashi da Bolari da Herwagana ƙafa 12 ne kowane ɓangare, wato ƙasa da mita 4. Zaurukan da ake raɗin suna ma wasu ba su kai haka ba. Amma a 18mm, mita biyu da rabi sun isa a kwashe mutanen nan duka.

Matsala ta biyu ita ce rawar hannu. Ƙa'idar da masu hoto suka daɗe suna bi ita ce, saurin ƙiftawar kyamara kada ya gaza tsawon gilashi. A 300mm, wanda ya zama 450mm ko 480mm a irin kyamarorinmu, ana bukatar ƙiftawa mai saurin kashi 1 cikin 500 na daƙiƙa. Da rana tsaka babu damuwa. Da la'asar sakaliya kuwa, ko a ƙarƙashin rumfa, hoto sai ya fito dishi-dishi. Kuma 75-300mm na Canon da ya fi yawa a hannun mutane, mai alamar III, ba shi da na'urar da ke rage rawar hannu. Wannan na'ura ita ce Canon ke rubuta wa IS, Nikon VR, Tamron VC, Sigma kuma OS. Duk gilashin da ya wuce 100mm kuma babu ɗaya daga cikin haruffan nan a jikinsa, ɗalibi ya yi tunani sau biyu kafin ya miƙa kuɗinsa.

Ƙura, abokiyar gaba

Wani zai ce, ai sai in riƙe 18-55mm ɗina, in ƙara da 55-250mm ko 55-200mm, na haɗa kusa da nesa ke nan. Wannan magana tana da hujja, kuma ba na musun cewa 55-250mm na Canon gilashi ne mai kyau. Da a ce a ƙasar da babu ƙura muke, da shawarar da zan bayar ke nan. Sai dai duk wanda ya yi hunturu a Gombe, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ya san yadda hazo ke shiga har cikin akwatin da aka kulle. Kowane lokaci aka cire gilashi, cikin kyamara a buɗe yake. Ƙwayar ƙura ɗaya idan ta zauna a kan sansa, za ta fito a matsayin baƙin ɗigo a kowane hoto, musamman inda sararin sama ya bayyana. Goge sansa kuwa aiki ne mai hatsari, wanda bai iya ba yana iya karce shi, kuma gyaransa kan kusa kai kuɗin kyamarar kanta.

Ban da ƙura akwai lokaci. Mu ɗauki hawan sallah a ƙofar fadar Mai Martaba Sarkin Gombe. Ana son hoto mai faɗi da zai nuna taron jama'a da jerin dawaki, ana kuma son a zuƙo fuskar mahayi da adon dokinsa. Tsakanin waɗannan biyu daƙiƙoƙi ne kawai. Kafin mutum ya buɗe jaka, ya cire wannan, ya ɗaura wancan, a cikin turmutsutsu da ƙurar kofato, mahayin ya wuce. Haka abin yake a wurin kamu, da ɗaurin aure, da ranar yaye ɗalibai, da wasan ƙwallo a filin wasa na Pantami. Taura biyu ba ta taunuwa. Mai 18-140mm kuwa murzawa ɗaya zai yi.

Abin da ya shafe mu a matsayin masu nazari

Ni ba da Hausa na buɗe baki ba, a makaranta da kasuwa da unguwa na koye ta, kuma wannan ya sa nake ganin darajar adana abin da idanu suka gani, domin kalmomi da yawa sai da na ga abin da suke nufi kafin suka zauna mini. Ɗalibin da zai rubuta kundi a kan ƙira ko jima ko dukanci ko saƙa, yana bukatar hoto iri biyu: na wurin sana'ar gaba ɗaya, da na kayan aiki ɗaya bayan ɗaya, kamar zugazugi da uwar maƙera da awartaki. Wanda zai je Tula ko Kaltungo ko Dadin Kowa ko Gombe Abba neman bayanai, a kan babur ko a cikin motar haya, ba ya bukatar jaka mai nauyi. Gilashin Nikon 18-140mm da na Canon 18-135mm kowanne nauyinsa kusan rabin kilo ne.

Akwai kuma batun ladabi. Dogon gilashi yakan koya wa mutum laɓewa daga nesa yana ɗaukar mutane ba da saninsu ba, har da matan aure a bakin rijiya ko a kasuwa. Wannan ba tarbiyyarmu ba ce, kuma malamanmu na hanyoyin bincike sun sha jan kunnenmu a kan neman izini. Matsakaicin gilashi yakan sa mutum ya matso, ya yi sallama, ya gaishe da dattijo, ya faɗi abin da ya kawo shi. Sau da yawa bayanin da ake samu a cikin wannan gaisuwa ya fi hoton amfani.

Inda wannan gilashi ya gaza

Adalci ne in faɗi rauninsa. Na farko, a ƙarshen zuƙowa ƙofarsa f/5.6 ce, don haka a ɗaki mai duhu, ko da dare idan an ɗauke wuta, zai wahalar da mai shi. Gilashi marar zuƙowa kamar 50mm f/1.8, ko 35mm f/1.8 na Nikon, yana shigar da haske kusan ninki 10 na f/5.6, kuma shi ne ke narkar da bayan hoto yadda amare ke so. Na biyu, ƙwararru sun yi gaskiya da suka ce duk gilashin da ya yi yawan zuƙowa yakan rage kaifi. Shi ya sa ban ce a tafi ga Tamron 18-400mm na 2017 ba, wanda ke zuƙowa fiye da ninki 22. Ya fi nauyi, ya fi tsada, kuma ƙofarsa takan tsuke har f/6.3. Ninki 7 zuwa 8 shi ne daidai ruwa daidai tsaki. Idan Allah ya hore daga baya, sai a ƙara da fitilar kyamara, sannan 50mm. Amma a jerin saye, mai zuƙowa ne a gaba, domin shi ne zai samo kuɗin sauran.

Kafin a biya kuɗi

Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, duk kayan da ake shigowa da su sun yi tashin gwauron zabo, don haka kuskure a nan yana iya cinye kuɗin makarantar zango guda. Ga abin da ya kamata a duba.

Na ɗaya, bakin gilashi ya dace da bakin kyamara. Na Canon ba ya hawa Nikon. Tamron da Sigma suna ƙera wa kowannensu, sai a tambaya na wanne ne. Sababbin kyamarori marasa madubi, kamar Canon R50 da R100 ko Nikon Z50, bakinsu daban ne, kuma nasu gilashin su ne RF-S 18-150mm da Z DX 18-140mm. Tsohon gilashi ba ya hawa kansu sai da zoben haɗi.

Na biyu, masu Nikon su kula sosai. Jerin D3000 da D5000 ba su da injin saita hoto a jikinsu, don haka gilashin da aka rubuta wa AF kawai, ko AF-D, da hannu za a riƙa saita shi. A nemi AF-S. Shi kuma AF-P, wanda ya zo daga baya, ba ya aiki da tsofaffi irin D3100 da D3200 da D5100. Nikon AF-S 18-140mm na 2013, da yayansa 18-105mm na 2008, duka suna aiki da waɗannan kyamarori. Masu Canon kuma su nemi EF-S 18-135mm, musamman mai STM na 2012 ko mai USM na 2016.

Na uku, kada a saya ta hoton da aka turo a waya. A je da kyamara, a ɗaura, a gwada, domin gani ya kori ji. A haska fitilar waya ta cikin gilashin a duba ko akwai fumfuna, wadda takan yi kama da saƙar gizo-gizo. 'Yar ƙura kaɗan a ciki ba ta ɓata hoto, amma fumfuna yaɗuwa take yi. A murza shi daga farko zuwa ƙarshe a ji ko yana cijewa. A ɗauki hoto a 18mm, a ɗauka a ƙarshe, a buɗe su a kwamfuta a duba gefe da gefe. A nemi murfin gaba da na baya, a kuma karɓi rasit.

Kammalawa

'Yan'uwana ɗalibai, kuɗin da muke sayen kayan nan da su ba daga sama suke faɗowa ba. Wani gumin mahaifinsa ne, wata adashin mahaifiyarta ne, wani kuma buhunan masarar da ya noma a hutu ya sayar. Bai kamata a kashe su a kan abin da zai burge abokai kwana biyu, sannan ya koma ƙasan akwati ba. Wanda bai tara kuɗin 18-135mm ko 18-140mm ba tukuna, ya yi haƙuri da 18-55mm ɗinsa, ya riƙa matsawa da ƙafa, domin shi ma yana fitar da hoton ɗaurin aure da na kundi ba tare da kunya ba. Wanda kuma ya tara, ya tafi da wanda ya san kan abin, ya gwada kafin ya biya. Sayen nagari, mayar da kuɗi gida. Allah ya ba mu sa'ar karatu da ta sana'a, amin.