Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: an rufe aji, an buɗe filin ƙwallo

Ranar 11 ga Agusta 2020 shugabannin jami'o'i 14 na ƙungiyar Big Ten a Amurka suka jefa ƙuri'a, 11 suka ce a ɗage wasannin ɗalibai na wannan kaka saboda cutar korona, 3 suka ƙi. Ranar 16 ga Satumba, kwana 36 kacal bayan haka, aka sanar cewa waɗannan shugabanni sun sake zama, bakinsu ya zo ɗaya cewa a koma fili a ƙarshen makon 23 da 24 ga Oktoba. Cutar ba ta tafi ko'ina ba a tsakanin. Mako guda bayan sanarwar ma, yawan waɗanda ta kashe a ƙasar ya haura 200,000. Ni malamin makaranta ne, kuma ina ganin wannan juyi abin kunya ne ga duk wanda ake kira shugaban makaranta. Ya dace malamai da iyaye su san yadda aka yi, domin ya nuna abin da ke faruwa idan makaranta ta fara cin abinci da gumin ɗalibanta.

Bari in fara da bayani ga wanda bai saba da tsarinsu ba. Abin da Amurkawa ke kira kwaleji ba CEG ɗinmu ba ne, jami'a ce, ta samari masu shekara 18 zuwa 22. Ƙwallon da ake rigima a kai kuma ba tamolar da muka sani ba ce. Wasa ne da ake rungumar ƙwallo a hannu, ƙarti suna karo kamar raguna, numfashin wannan a fuskar wancan. Filin wasan jami'ar Mishigan kaɗai yana ɗaukar mutum sama da 107,000. Tashoshin telebijin suna biyan kuɗi masu nauyi don nuna wasannin. A 2020, mai horar da ƴan wasan jami'ar Alabama na lokacin, Nick Saban, yana karɓar kimanin dala miliyan 9 a shekara, wato kusan miliyar 5 na sefa. Ƴan wasan kuwa a lokacin ba su da albashi. Dokar hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'i a wancan lokacin ta ce su ɗalibai ne, abin da za a ba su shi ne karatu da ɗaki da abinci da ɗan kuɗin kashewa. Kusan rabin masu buga wannan ƙwallo a manyan jami'o'i baƙar fata ne, kuma ƙasa da 2 cikin 100 na ƴan wasan jami'a ke samun shiga ƙungiyoyin ƙwararru inda ake biyan albashi.

To ga yadda abin ya gudana. Ranar 12 ga Maris NCAA ta soke babbar gasar ƙwallon kwando, wadda ba a taɓa fasa ta ba tun da aka fara a 1939. Mako biyu bayan haka ta sanar cewa kuɗin da za ta raba wa manyan jami'o'i ya faɗo daga dala miliyan 600 zuwa miliyan 225. Daga ranar aka san cewa idan ƙwallon kaka ma ya faɗi, rumbu zai ƙone. A cikin Afrilu mai horarwa na wata jami'ar jihar Oklahoma, Mike Gundy, ya faɗi abin da wasu ke ɓoyewa: a dawo da yaran domin matasa ne masu ƙarfin jiki, kuma ana bukatar kuɗi su ci gaba da zagayawa a jihar. An yi masa ca, jami'arsa ta nesanta kanta da maganar. Amma wanda ya duba abin da ya biyo baya zai ga cewa shirinsa aka bi, bakinsa kawai aka rufe.

A watan Mayu shugaban NCAA, Mark Emmert, ya ce makarantar da ba ta buɗe wa ɗalibai ba ba za ta yi wasa ba. Magana ce mai kyau, kowane malami zai sa mata hannu. Sai ga jami'ar Karolina ta Arewa da ke Chapel Hill: ta buɗe azuzuwa ranar 10 ga Agusta, cutar ta bazu a ɗakunan kwanan ɗalibai, ranar 17 ta sanar cewa karatu ya koma ta intanet, aka ce yawancin ɗalibai su kwashe kayansu. Ƴan ƙwallo aka bar su, kuma ranar 12 ga Satumba suka buga wasansu na farko a fili babu ƴan kallo. Jami'ar Jihar Mishigan, wadda ke cikin Big Ten, ta ce wa ɗalibanta tun Agusta su zauna gida su yi karatu ta kwamfuta, sai ga shi kuma ƴan wasanta suka shiga shirin wasan Oktoba. Wurin da aka ce yana da haɗari ga mai riƙe da alƙalami, yaya aka yi ya zama lafiya lau ga mai karo da kai?

Wanda ke shakkar cewa kuɗi ne ya yanke hukunci, ya duba su wa suka haƙura. Jami'o'i 8 na Ivy League, cikinsu har da Harvard da Yale, sun soke wasannin kaka tun 8 ga Yuli, kuma ba su dogara da kuɗin telebijin na ƙwallo ba. Rukuni na biyu da na uku na NCAA, inda babu kasuwa mai tsoka, sun soke gasannin ƙarshen kaka ranar 5 ga Agusta. Waɗanda suka nace su ne masu manyan kwangiloli: SEC da ACC da Big 12. Ƙwayar cuta ɗaya ce, huhun yaro ɗaya ne ko a ƙaramar jami'a yake ko a babba. Abin da ya bambanta shi ne nawa ake samu idan ya fito fili. Siyasa ma ta sa hannu. Ranar 1 ga Satumba shugaba Donald Trump ya yi waya da Kevin Warren, jagoran Big Ten, yana matsa masa a koma wasa, kuma kowa ya san Mishigan da Wiskonsin da Pensilbaniya da Ohayo, inda ƙungiyar ke da jami'o'i, jihohi ne da aka yi ƙoƙuwar ƙuri'unsu a zaɓen 3 ga Nuwamba 2020. Ruwa ba ya tsami banza.

Masu goyon bayan komawa suna da hujjoji, kuma ba zan ɓoye su ba. Ta farko, yaran da kansu ke son wasa. Gaskiya ne. Justin Fields na jami'ar Jihar Ohayo ya tara sa hannun ɗaruruwan dubban mutane, ƴan wasan Nebraska 8 har kotu suka je. Amma mu da ke aji mun san cewa son yaro ba ya sauke nauyin babba. Saurayin da ya ga cewa wannan kaka ce kaɗai damarsa ta fitar da iyayensa daga talauci zai ce yana so ko da wuta ce a filin. Akwai kuma wasu ƴan wasa na ƙungiyar Pac-12 da suka fito a farkon Agusta suna neman kariyar lafiya da inshora da kaso daga kuɗin da ake samu. Muryar masu cewa a buga aka ɗaga, ta masu neman haƙƙi aka bar ta a baya.

Hujja ta biyu, cutar ba ta cika kashe matasa ba. Haka ne. Sai dai mutuwa ba ita kaɗai ce illa ba. Abin da ya tsorata likitocin Big Ten a Agusta shi ne kumburin tsokar zuciya, wanda kan biyo bayan wasu cututtukan ƙwayar bairus, kuma yana iya kayar da mai motsa jiki da ƙarfi farat ɗaya. Shi ya sa sabuwar dokarsu ta ce wanda ya kamu ba zai koma wasa ba sai bayan kwana 21 da gwajin zuciya. A lokacin cutar ba ta shekara da bayyana ba, babu likitan da ya ga abin da take bari a jiki bayan shekara biyar. A jami'ar Clemson ƴan ƙwallo 37 aka samu da ita kafin ƙarshen Yuni. A tsakiyar Satumba mai horarwa na jami'ar Jihar Luwiziyana, Ed Orgeron, ya ce yawancin yaransa sun riga sun kamu, yana fatan hakan zai sa su kasance a shirye lokacin wasa. Uban da ya ji ana lissafin ciwon ɗansa a matsayin riba, wane barci zai yi? Ban da haka, yaro ba shi kaɗai yake ba. Akwai mai dafa masa abinci, da direban mota, da mai shara, da kakarsa a gida.

Hujja ta uku ita ce ta fi ƙarfi, kuma ita ce ta fi tona asiri. Sun ce yanzu akwai gwajin gaggawa, za a gwada kowane ɗan wasa kullum. Madalla. To ina na sauran ɗalibai? Ina na malamin da zai tsaya gaban aji? Idan jami'a tana da ikon gwada mutum kullum, ta zaɓi ta fara da ƴan ƙwallo, ta riga ta faɗa wa duniya wane ne ke da daraja a wurinta. Ƙungiyar ƙwararrun ƙwallon kwando ta NBA ta killace ƴan wasanta a Orlando tun Yuli, cutar ba ta shiga ba. Amma waɗannan ma'aikata ne masu albashi da ƙungiyar ƙwadago, sun zauna an yi ciniki da su. Jami'o'i ba su iya yin haka a fili ba, domin killace yaro don ya yi wasa amincewa ce cewa ma'aikaci ne, ma'aikaci kuwa biyansa ake yi. Sai suka bari cuta ta kori sauran ɗalibai, harabar ta zama wurin killacewa ba tare da an kira ta da sunanta ba.

Hujja ta huɗu, kuɗin ƙwallo ke ciyar da sauran wasanni. Jami'ar Stanford ta sanar a Yuli cewa za ta soke wasanni 11 cikin 36, har da kokowa. Wannan asara ce ta gaske ga yaran da abin ya shafa. Amma gidan da ke biyan mutum ɗaya miliyoyin daloli, sannan ya ce sai yaro marar albashi ya sa zuciyarsa a caca kafin a ciyar da ƴan kokowa, matsalarsa ta rabon kuɗi ce, kuma ta girmi korona. Don adalci, NCAA ta hana jami'o'i sa yara sa hannu kan takardar yafe haƙƙinsu na kai ƙara, ta kuma ce wanda ya ƙi wasa ba za a ƙwace masa tallafin karatu ba. Sai da aka yi surutu aka samu wannan, kuma ba ya hana mai horarwa ɗaure wa yaro fuska ko ba wani gurbinsa.

Yaushe ke nan ya kamata a koma, kuma ta yaya? Amsata ba ta da wuya. Fili ya biyo bayan aji: ranar da ɗalibin lissafi zai iya zama gaban malaminsa, ranar ɗan ƙwallo zai iya fita. Gwajin da aka yi wa ɗan wasa a yi wa abokin karatunsa da malaminsa. Likitan da zai ce a tsaya ko a ci gaba ya kasance wanda abincinsa ba ya hannun mai horarwa. Yaron da ya ce ba zai buga ba ya tafi da gurbinsa da mutuncinsa. Jami'ar da ta fitar da shi ta ɗauki nauyin maganinsa ko da ciwon ya bayyana bayan ya gama karatu. Tafiye-tafiye daga jiha zuwa jiha da taron ƴan kallo su zo a ƙarshe.

Kada wani ya ɗauka ina ƙin wasa. Mu ma a Nijar an rufe makarantu ranar 20 ga Maris, aka buɗe 1 ga Yuni, kuma kowane malami ya ga yadda zaman gida ya sangartar da wasu yara ya kuma dakusar da wasu. Gudu da tsalle a farfajiyar makaranta, cikin iska, tsakanin yaran da dama aji ɗaya suke zaune, ya fi cunkoson ɗaki mai taga biyu aminci, kuma ya kamata ya dawo tare da karatu. Babu tashar telebijin da ke biyan miliyoyi don kallon ƴan makarantarmu. Duk da haka in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Duk ranar da aka zo wa iyaye da malamai da gasa, ko taron tarbar baƙo, ko biki da za a tara yara cikinsa a lokacin annoba, aka ce don amfanin yaran ne, mu tambayi abu uku kafin mu saki ƴaƴanmu: wa ya yanke hukunci, wa zai ci riba, kuma wa zai biya kuɗin asibiti idan yaro ya kwanta.