A Ba Zari-Ruga Na 'Yan 13 Haƙƙinsa

Da yawanmu mun taɓa ganin wasan zari-ruga a talabijin, wanda ake yi da ƙwallo mai siffar ƙwai, mutum ya rungume ta ya sheƙa a guje, abokan hamayya su bi shi su kayar. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne zari-ruga iri biyu ne. Akwai wanda kowane ɓangare yake da 'yan wasa 15, shi ake kira ragbi yuniyon. Akwai kuma mai 'yan wasa 13, shi ne ragbi lig. Kwamitin wasannin Olamfik na duniya ya amince da hukumar na 15, amma har yanzu bai amince da hukumar na 13 ba. A ra'ayina wannan ba adalci ba ne, kuma ga dalilaina.

Sai mun koma tarihi kafin mu gane yadda aka yi wasa ɗaya ya zama biyu. A da can a Ingila, shugabannin zari-ruga masu kuɗi ne, kuma dokarsu ita ce kada a biya ɗan wasa ko sisi. Amma a arewacin ƙasar, yawancin 'yan wasan leburori ne masu haƙar kwal da masu aiki a masaƙu. Ranar Asabar ake wasa, kuma ranar aiki ce a wurinsu. Duk wanda ya bar aiki ya je fili, ya yi asarar kuɗin ranar, alhali jama'a suna biyan kuɗi a ƙofa don su kalle shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan. Ƙungiyoyin arewa suka roƙi a yarda su riƙa biyan 'yan wasa abin da suka rasa na aikin ranar kawai, aka ƙi. Saboda haka a ranar 29 ga Agusta, 1895, ƙungiyoyi 22 suka ɓalle bayan wani taro a garin Hadasfil, suka kafa tasu hukumar. A 1906 suka rage 'yan wasa zuwa 13. Abin dariya shi ne, bayan shekara ɗari cif, a 1995, su ma na 15 suka fara biyan 'yan wasansu a fili.

Wani zai ce ai duk zari-ruga ne, me ya sa ba za su zauna a ƙarƙashin hukuma ɗaya ba? Amsa ita ce dokokinsu sun daɗe da rabuwa. A wasan na 13, idan aka kayar da mutum sai a sake shi ya tashi ya tura wa ɗan'uwansa ƙwallo ta baya da ƙafa. Sau shida ake ba ƙungiya wannan dama, idan ba ta ci ba sai ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. A wasan na 15 kuwa babu wannan ƙidaya, idan aka kayar da mutum sai a taru a kansa ana kokawar ƙwace ƙwallo. Ajiye ƙwallo a bayan layin abokan hamayya maki huɗu ne a na 13, maki biyar ne a na 15. Kowanne yana da alƙalansa da kofinsa na duniya. Hasali ma na 13 ne ya riga fara gasar kofin duniya, a Faransa a 1954, na 15 kuwa sai a 1987. Kuma kama da wane ba ta wane. Ƙwallon tanis da ƙwallon tebur duk raga ce a tsakani ana buga ƙwallo, amma kowanne da hukumarsa a Olamfik. Hoki na kan ciyawa da hoki na kan ƙanƙara suna ɗaya ne, su ma kowanne da tasa. Me ya sa sai a kan zari-ruga ne za a ce suna ɗaya, hukuma ɗaya?

Kada wani ya ɗauka amincewa takarda ce kawai da za a rataya a bangon ofis. A ƙasashe da yawa, ma'aikatar wasanni tana duba jerin hukumomin da duniya ta amince da su kafin ta ba da kuɗi ko fili, ko ta yarda a koyar da wasa a makarantu. Idan jami'i ya duba ya ga an rubuta zari-ruga sau ɗaya, sai ya ce ai mun riga mun ba zari-ruga nasa kason. Daga nan 'yan 13 sun zama 'yan rakiya. Idan suna son fili, sai sun nemi izini daga hannun abokan hamayyarsu. Ku yi tunanin a ce ƙungiyar muhawara ta makarantarmu ce za ta riƙa ba ƙungiyar 'yan jarida izinin manna takarda a bango. Ina tabbatar muku da ba ku karanta wannan ba.

Ga misalan abin da rashin amincewa ya jawo. A Faransa, lokacin yaƙin duniya na biyu, gwamnatin Bishi da ke biyayya ga Jamus ta haramta wasan na 13 a 1941, ta ƙwace kuɗinsa da kadarorinsa. Bayan yaƙi an dawo da wasan, amma aka hana shi amfani da sunan ragbi, sai dai a ce "wasan 13", har zuwa farkon shekarun 1990. A Birtaniya ma, inda aka haifi wasan, sai a 1994 aka yarda da shi a cikin rundunar soja. A 2015 an kama shugaban masu wasan na 13 a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ya kwashe kwanaki a tsare, bayan hukumar na 15 ta ƙasar ta kai ƙararsa. A Girka, gwamnati ta danƙa wasan a hannun wata hukuma daban, sai 'yan wasa suka koma yin wasanninsu a ɓoye, wani lokaci da tsakar dare, ba a faɗar fili sai lokaci ya matso. Duk da haka suka samu gurbi a gasar kofin duniya da aka yi a Ingila a 2022. Mutanen da za su tashi cikin dare don su yi wasa, ai ba wanda zai ce ba da gaske suke ba.

Akwai hujja ɗaya da masu adawa suke kawowa wadda take da ƙarfi, kuma ya kamata mu saurare ta. Sukan ce wasan bai bazu a duniya ba. Gaskiya ne ƙarfinsa yana arewacin Ingila, da gabashin Ostareliya, da Niyu Zilan, da kudancin Faransa, da tsibiran tekun Fasifik, musamman Papuwa Niyu Gini inda shi ne wasan ƙasa. Gaskiya ne kuma ƙungiyoyi uku kacal suka taɓa cin kofin duniya na maza, wato Ostareliya da Birtaniya da Niyu Zilan, kuma Ostareliya kaɗai ta ci sau 12. Amma ta yaya wasa zai bazu alhali duk inda ya je ana hana shi fili da kuɗi? Bai dace a hana yaro abinci sannan a yi masa gorin rama ba. Kuma duk da wahalar yana bazuwa. Jamaika da Lebanon sun buga gasar 2022, ƙaramar ƙasar Samowa ta kai wasan ƙarshe, kuma an yi gasar maza da ta mata da ta masu keken guragu a lokaci guda. A nan gida ma, a 2019 an yi gasar ƙasashen Afirka da Gabas ta Tsakiya a Legas, Nijeriya da Gana da Kamaru da Maroko suka kara, Nijeriya ta ɗauki kofi. A 2022 ta sake ɗauka a Akara. Mu nawa ne a nan muka ji labarin?

An taɓa kusantar nasara. A 2018 babbar ƙungiyar da ke haɗa hukumomin wasanni na duniya, GAISF, ta ba hukumar na 13 matsayin 'yar kallo, wato ta zauna a taro amma ba ta da ƙuri'a. Kafin ta zama cikakkiyar mamba, sai ƙungiyar ta yanke shawarar rushe kanta a 2022. Amma ƙofa ba a rufe take ba. A 2023 kwamitin Olamfik ya amince da hukumar ƙwallon Amurka, wasan da shi ma ƙarfinsa yana 'yan ƙasashe kaɗan ne.

Su ma shugabannin na 13 suna da aiki a gabansu. An shirya kofin duniya na 2025 a Faransa, sai Faransa ta janye saboda matsalar kuɗi, aka ɗaga gasar zuwa 2026, aka kuma rage ƙasashen maza daga 16 zuwa 10. Wanda yake neman duniya ta karɓe shi bai kamata ya riƙa rage wa ƙananan ƙasashe gurbi ba. Ya kamata su kai masu horarwa da ƙwallaye makarantun Afirka da Asiya, domin yawan masu wasa shi ne hujjar da ba mai iya musawa.

Kirana ga kwamitin Olamfik shi ne ya auna wannan wasa da ma'aunin da ya auna sauran, ya duba dokokinsa da yawan ƙasashensa da yadda yake kula da lafiyar 'yan wasa, ba tare da jiran yardar abokin hamayya ba. Ma'aikatun wasanni na ƙasashe kuma su rubuta wasannin biyu daban a jerinsu. Mu ma abin ya shafe mu, domin idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Wata rana dambe zai nemi irin wannan amincewa, kuma ba za mu ji daɗi ba idan aka ce mana ai an riga an karɓi damben Turawa, namu ya je ya nemi izini a wurinsu.

Duk mai ra'ayin da ya saɓa da nawa, ya rubuto a manna a fitowa ta gaba.