Haƙƙin Abinci da Ƙofar Kotu

Manomin gero a Gagarawa ko Sule Tankarkar ya san tsakiyar damina sarai, lokacin da rumbu ke yin ƙasa, kuɗin tiya kuma ya hau a kasuwar Maigatari. Ga shi kuwa sashe na 16 na tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ɗora wa gwamnati nauyin wadata 'yan ƙasa da abinci, gyaran 2023 ma ya ambaci haƙƙin abinci ƙarara. Sai dai sashen yana cikin babi na biyu, wanda sashe na 6(6)(c) ya hana kotuna sauraron ƙara a kansa.

A Indiya, wata ƙara ta 2001 ce ta sa Kotun Ƙoli ta umarci jihohi su riƙa dafa wa 'yan firamare abincin rana. Gaskiya ne alƙali ba ya noma, amma yana iya tilasta wa hukuma ta buɗe rumbunta. Saboda haka ya kamata 'yan majalisa su mayar da wannan haƙƙi babi na huɗu, domin magidanci a Gumel ya sami damar kai kukansa gaban Babbar Kotun Jihar Jigawa.