Ɗakin Manya Da Daben Talakawa A Filin Jirgin Sama

Wani abu ne ya same ni a kan hanya, ya tsaya mini a rai, na ga ba ni da sauƙi sai na faɗa muku, ko da yake faɗar ba ado ba ce a gare ni.

Wani almajirina na dā, wanda Allah ya buɗa masa a cinikin albasa da tafarnuwa, shi ya biya mini kuɗin Umra, muka tafi tare cikin wata ƙungiya ta mutanen ƙasarmu. Daga filin jirgin sama na Sarkin Musulmi Abubakar na Uku a Sakkwato muka tashi, muka sake jirgi, har muka sauka wani babban fili a wata ƙasa, inda za mu jira wanda zai kai mu Jidda. Nan aka ce mana jirgi ya yi jinkiri, sai bayan sa'a tara. Jama'a suka zube bisa daɓe, kowa ya yi matashi da jakarsa. Sai almajirin nan nawa ya raɗa mini, ya ce, “Allah ya gafarta Malam, taso, akwai inda ya fi nan.”

Ya kai ni wata ƙofa, ya nuna wani kati, aka buɗe mana. Jama'a, ɗakin nan abin kallo ne. Kujeru masu laushi, da sanyi kamar na asubahin hunturu, da abinci iri iri a jere ba mai tambayarka kuɗi, da shayi da gahawa, da wurin wanka, da wurin salla a share. Na tambaye shi su wa ke shiga nan. Ya ce iri huɗu ne: wanda ya yanki tikiti mai tsada na gaban jirgi, da wanda ya yawaita tafiya da kamfani ɗaya har suka ba shi daraja, da mai wani irin katin banki, da wanda ya biya a bakin ƙofa. Ban da wannan kuma akwai ɗaki na dabam domin sarakuna da manyan gwamnati.

Na ci, na sha, na yi salla, har barci ya ɗan sace ni. Sa'ad da na farka, na matsa jikin bangon gilashi ina kallon jirage, sai idona ya faɗa kan mutanenmu a ƙasa. Cikinsu akwai wani dattijo manomi daga wajen Goronyo, ya haura saba'in, wanda ya tara kuɗin tafiyarsa daga noman rani shekara da shekaru. Yana zaune inda na bar shi, ya rungume jakarsa. Na sauka na ce, “Baba, sannu da jira.” Ya ɗaga kai ya ce, “Malam, ashe kuna nan? Na ɗauka an tafi an bar mu.” Ashe bai ci kome ba, gama ba ya jin harshen masu sayarwa, bai kuwa yi Azahar da La'asar ba, domin bai san inda ruwa yake ba, yana tsoron kada ya tashi a kira jirgi. Ni kuwa da ake kira malam, ga ni da ƙoshi. Wallahi kunyar da na ji ran nan har yanzu ba ta sake ni ba.

To, ku dubi yadda magabatanmu suka yi wannan tafiya. Da ƙafa suke bi ta Borno da Wadai da Darfur, har bakin Bahar Maliya a Sawakin, wani shekara biyu, wani bakwai, wani ma bai komo ba. Mu mutanen Wurno ba baƙi ba ne ga wannan labari. Bayan Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi a Burmi cikin 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a zuwa gabas, suka zauna bakin kogin Nilu a Sudan, garin nan har yau Mai Wurno ake kiransa. Ku fatake kuma kun gaji labarin ayarin Gwanja. Madugu uban tafiya ne, amma a zango ɗaya yake kwana da mutanensa, ba ya kuwa ɗaura kaya sai ya san wane ne ba shi da lafiya, jakin wa ya gaji.

Sa'an nan jirgin sama ya zo. Ran 1 ga Nuwamba 1925 jirage uku na sojan Ingila suka taso daga Masar suka sauka Kano, abin ya zama na kallo da mamaki. A zamanin Sardauna Ahmadu Bello, ɗan Rabah, wanda ya yi hajjinsa na farko cikin 1955, jirgi ya soma karɓe hanya daga hannun raƙumi da mota. Yau tafiyar shekaru ta koma tsakanin hantsi da la'asar. Wannan ni'ima ce babba, ba mai musu. Amma mun sami sauri mun yar da madugu. Kowa tikitinsa a hannu, kowa tasa ta fisshe shi.

Na san wani zai ce, “Malam, mutum da kuɗinsa na halal, don me ba zai huta ba?” Gaskiya ne, ban ce ɗakin nan haramun ne ba, ban kuwa ce a hana shugabanni wurin da za a tsare lafiyarsu ba. Abin da na ce shi ne, ɗakin yana da wata illa wadda ba a rubuta a ƙofarsa ba, watau yana ɗauke masu ido daga cikin makafi. Wanda ya san karatun allon da ke nuna lokacin jirgi, ya san harshe, ya san inda za a kai ƙara, shi ne ke shigewa ciki. Waɗanda ba su san kome ba su aka bari su kaɗai. In da masu faɗa a ji suna zama bisa daɓen nan sa'a tara, da tuni an gyara shi.

Mu kuma tuna rabuwar nan ta ƙasa ce kurum. Ran 11 ga Yuli 1991 jirgin alhazai ya tashi daga Jidda zai zo Sakkwato, ya faɗi, mutum 261 ba wanda ya fita. Ina saurayi a lokacin, na ga zaman makoki. Ran 29 ga Oktoba 2006 kuma jirgin da ya taso daga Abuja ya faɗi da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido, mutum 96 suka rasu, manya da ƙanana tare. Allah ya jiƙansu. In an rufe ƙofar jirgi, na gaba da na baya ƙaddararsu ɗaya.

Saboda haka ga shawarata. Kai attajiri, da yawa cikin katunan nan suna ba ka ikon shiga da baƙo ɗaya. Kada ka zaɓi wanda ya fi girman rawani, zaɓi wanda ya fi rauni. Kai mai yankar wa tsohonka tikiti, faɗa wa kamfani tun da wuri cewa yana bukatar kujerar turawa, gama ba a biyan kome a kanta, rashin tambaya ne ke hana mu. Ku sani kuma dokar jiragen sama ta Nijeriya ta ɗora wa kamfani ya ba matafiya abin taɓawa in jinkiri ya yi tsawo, saboda haka tambayarsa ba bara ba ce. Kai shugaban ƙungiya, zauna inda mutanenka suke. Mu malamai kuwa, in an ja mu ciki don girmamawa, mu tambaya tukuna wa aka bari a waje.

Dattijon nan na kai shi ya yi alwala, ya rama sallolinsa, almajirina ya shigar da shi a madadina. Da ya fito sai ya ce, “Malam, wuri ya yi kyau, amma hankalina na wajen 'yan'uwa.” Shi ya karantar da ni ran nan.

Allah ya kai mu lafiya, ya komo da mu lafiya. Haza wasalam.

Naku, wani malamin allo a Wurno.