Wa Ya Gaji Ilimin Babban Gwani?

Ranar Juma'a 11 ga Agusta, 2023, ana tsaka da sallar La'asar, wani sashe na babban masallacin Zariya ya rufta a kan masallata. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Malam Muhammadu Durugu, Babban Gwani, shi ya gina shi a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. Da ƙasa da azara kawai ya ɗaga bakan gizon da ya ɗauki rufi kusan shekara 190, ba rodi, ba injiniya daga Ingila.

Abin takaici, an ga tsagewa a bango tun kafin ranar. Ginin ƙasa kuwa yaɓe yake so duk shekara, da idon magini a kansa. To ina maginan? 'Ya'yansu sun koma buga bulo, domin an nuna masu cewa laka alamar talauci ce.

Ciwon bai tsaya a Zazzau ba. Daga Kamba zuwa Bagudo, saurayi na samun kuɗin kan iyaka sai ya rushe soron kakansa ya kafa shago. Shin ya taɓa tambayar dattawan unguwa wa ya ɗaura azarar nan, kuma yaya aka yi ta tsaya?