Ba ku da takardar haihuwa, ga neman biza ya taso: ta ina za a fara?

Yau zan ɗan kauce daga batun magani zuwa wata takarda da ke hana iyalai da dama barci, musamman idan ɗa ya samu gurbin karatu a Ingila, ko miji yana so matarsa ta same shi a Amurka. Ana cike fom, sai a zo wurin takardar haihuwa, kowa ya yi tsuru-tsuru.

Da yawanmu a gida aka haife mu, ungozoma ta yanke cibi, aka yi suna ranar bakwai, shi ke nan. Dokar da ta wajabta rajistar haihuwa a hannun Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, wato NPC, a 1992 aka kafa ta. Ofisoshin jakadanci sun san haka, don haka rashin takardar bai rufe muku ƙofa ba.

Ga babban mutum, hanyar mataki biyu ce. Mahaifi, mahaifiya ko wani babba a dangi da ya shaida haihuwar zai je babbar kotu ya yi rantsuwar shekaru, wadda aka fi sani da afidabit. Daga nan a kai ta ofishin NPC, su ba da takardar tabbacin haihuwa. Kada ku tsaya a kan afidabit kaɗai, don jami'in biza ya san cewa abin da aka faɗa wa kotu shi ta rubuta.

Abin da ke ƙara wa magana nauyi shi ne tsohuwar takarda, wadda aka rubuta tun ba a yi mafarkin tafiya ba. A nan ne nake roƙon iyaye mata su buɗe akwati da ƙasan adaka. Katin rigakafin yaro yana ɗauke da sunansa, sunan uwa da ranar haihuwa, ga kwanan watan allurar BCG da ake yi a kwanakin farko. Katin awon ciki da takardar sallama daga ɗakin haihuwa su ma shaida ne. Ko katin ya yi jirwaye da man ja, kada a sake kwafe shi a sabo, tsufansa ne darajarsa. Sai rajistar shiga firamare, da takardar baftisma ga 'yan uwanmu Kirista. Hukumar shige da fice ta Amurka takan karɓi irin waɗannan idan an nuna cewa takardar asali ba ta samuwa, idan su ma babu, sai rantsuwar mutum biyu da suka san haihuwar da kansu.

To idan ranar ce kanta ba a sani ba fa? A zauna da tsofaffi tun suna raye. Inna za ta iya cewa da azumi ne, shekarar da Buhari ya canja kuɗi. Wannan 1984 ke nan, kalandar Hijira kuma za ta nuna watan da azumin ya faɗo. Sunan rana ma yana taimakawa: wadda ake kira Asabe ko Talatu, ko mai suna Ɗanjuma, a duba kalandar shekarar a ga ko ranar da za a rubuta ta dace. Ya fi a rubuta 1 ga Janairu don kawai an rasa ta cewa.

Inda aka fi samun matsala shi ne saɓani. NIN ta ce 1990, fasfo ya ce 1993, takardar makaranta ta ce wani abu dabam, saboda an taɓa rage shekaru don neman aiki. Sunan ma Muhammad a nan, Mohammed a can. A gyara waɗannan a hukumance kafin a miƙa fom, ko da zai ci watanni. Ku kuma guji masu zama a bakin ofis suna cewa za su haɗa muku takarda kafin la'asar. Takardar jabu na iya jawo haramcin shiga Ingila har shekara 10, a Amurka kuwa haramcin na iya zama na har abada.

Idan shakkun a kan dangantaka ne, misali uba na neman ɗaukar ɗansa, ofishin jakadancin Amurka kan ba da shawarar gwajin DNA. Ana goga auduga ne a cikin kunci, ba a ɗibar jini. Amma ku jira su faɗi inda za a yi, don ba sa karɓar sakamakon da mutum ya je ya yi da kansa. Gwajin kuma dangantaka kawai yake tabbatarwa, ba ya faɗin shekaru.

Masu jego kuwa, doka ta ba da kwana 60 a yi wa jariri rajista. Asibitocin gwamnati da dama da sakatariyar ƙaramar hukuma suna da jami'in NPC. Takardar da asibiti ke bayarwa sanarwa ce kawai, don haka ranar da kuka je rigakafi ku nemi teburinsa, ku karanta sunan da ya rubuta harafi bayan harafi kafin ku tashi.